Kurmin da Aka Tsuke a Kan Ƙirgi

A wani daji da ke bakin kogi mai faɗin rairayi, akwai wata tsohuwar shamuwa, Malama Kuluwa, wadda ta yi tafiyar kudu sau goma sha tara kafin guguwa ta karya mata fiffike. Tun daga nan ta haƙura da sama, ta zama malamar 'yan shamuwa. Al'adarsu kuwa, in damina ta ja jiki manya ne ke fara tashi, 'ya'yan bana su dakata sai fikafikansu sun yi ƙwari, sannan su bi baya su kaɗai. Abin da Malama ta zuba musu a kai, shi ne jagoransu. Ba su da wani.

Ajinta rairayin nan ne, alƙalaminta bakinta. Ta kan ja layi ta ce nan Yola, nan Garwa, can gefe Yawunde babban birnin Kamaru, nan kuma Bangi a bakin kogin Ubangi. Daga Bangi sai ta zana wani makeken fili, ta ce kurmin Kwango ke nan. Ba ta tsayawa a faɗa da baki. Sai ta jera yaran da hantsi, cikinsu ba ko fara ɗaya, ta ce su taka shi tun daga wannan gefe har wancan. Kafin su kai rabi sun fara haki, wasu na ƙunƙuni. Ita kuwa tana biye da su tana jan fiffike, tana cewa, "Jiki magayi. Kwana biyar ne a sama, ƙasa duk itatuwa sun haɗe kai, ba filin sauka, ba abin kai wa baki. Daga Bangi ku karya gabas, ku nufi Juba, ku gangara Kampala, sannan Lusaka ta Zambiya inda iyayenku ke jira. Ta fi nisa, amma ita ce hanya."

A shekarar da muke magana, manyan shamuwa na tashi sai Dila, magatakardan majalisar dajin, ya kawo shawara. Wata ɓauna ta mutu da tsufa, an jeme fatarta ta zama ƙirgi, ga shi yana ajiye ba aikin fari ba na baƙi.

"Ranka ya daɗe," in ji shi ga Toron Giwa, shugaban majalisa, "abin kunya ne daji kamar namu a ce duniyarsa a kan rairayi take, ruwa ya wanke, wani kada ya zo ya kwanta a kai. In baƙi suka zo me za mu nuna musu? A zana ta a ƙirgin nan da tawada, a rataye a jikin gamji, kowa ya gani ya san mun ci gaba."

Aka yi na'am. Malama da kanta ta yi murna, don tsufa ya sa zanen kullum na ba ta wuya. Ta tsaya kan Dila kwana uku har ya zana duniya daidai, gwargwadon abin da ƙirgi zai ɗauka.

Ranar da aka baje shi gaban majalisa, Toron Giwa ya duba, ya duba, ya ce, "Ina dajinmu?"

Malama ta nuna wani ɗigo kamar ƙwayar gero.

Majalisa ta ɓarke. Toron Giwa ya ce shi kaɗai ya fi ɗigon nan girma, to ta yaya zai shiga ciki? Dorina ta ce in ba a sa tafkinta ba, da sunanta a kai, ita da majalisa sai a lahira. Kura ta ce kogon kakanninta ya girmi Yawunde, kuma ita ba ta taɓa jin wani ya ci ko ƙashi a Yawunden nan ba. Haka aka yi ta yi har la'asar, kowa na neman a ba shi fili a duniya. Ƙirgi kuwa ba rairayi ba ne, yana da baki. In za a ƙara wa wani, dole a rage wa wani.

Dila ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, ga wani baƙin wuri nan ya cinye tsakiyar ƙirgi a banza. Akwai wakilin kurmin Kwango a cikinmu?" Ba wanda ya motsa. "Akwai wanda ke da dangi can, da zai ji haushi?" Shiru. "To, a tsuke shi."

Aka kankare, aka sake zane. Daji ya kumbura ya yi rabin ƙirgi, tafkin Dorina ya fi tafkin Chadi, kurmin Kwango kuwa ya koma bai kai tafin zomo ba. Bangi ta matso har tana gogar kafaɗar Lusaka.

Malama Kuluwa ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ku gafarce ni, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku da kuke zaune nan, taswira ado ce a wurinku, don ba inda za ku. Mu kuwa rai ce. Yara arba'in da ɗaya za su tashi nan da kwana ashirin, ba uwa ba uba, cikinsu har da jikata. In suka dubi wannan, me zai sa su kewaya ta Juba, ga Lusaka a gaban hancinsu? Za su miƙe ne. Ni na taɓa miƙewa, ina budurwa mai taurin kai, mu talatin muka shiga, mu huɗu muka fito. Na ga 'yar'uwata ta naɗe fiffike ta faɗa cikin ganye, ko ƙarar faɗuwarta ban ji ba. Kun rage kurmi a fata, to wa ya je ya gaya wa kurmin an rage shi? Ku ba Dorina teku in kuna so, ku ba Kura dutsen da ya taɓo sama, ban ce uffan ba, don ba wanda zai mutu a kan haka. Amma ku mai da mini kwana biyar ɗina."

Toron Giwa ya kaɗa kunne a hankali. "An ji, an gode. Malama ta yi magana irin ta masu ilmi. Sai dai majalisa ba ta aiki da faɗar mutum ɗaya, kome tsufansa. A ɗaga hannu. Masu cewa ana ƙetare kurmin nan a kwana biyar?"

Fiffike ɗaya ya tashi, mai lafiyar.

"Masu cewa tafiyar hantsi ce?"

Daji ya cika da kofato da dagi. Har Kunkuru, wanda tun da aka haife shi bai wuce tsamiyar bakin rafi ba, ya miƙo wuya ya ba da shaida a kan ƙasar Kwango. Inda babu ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

Da Malama ta ce ita bakinta ba zai koyar da wannan ba, aka yi mata godiya bisa doguwar hidima, aka ce ta je ta huta, aka naɗa Aku. Aku bai taɓa fita dajin ba, amma Allah ya hore masa baki. Ya mai da biranen duniya waƙa, yara na amshi: Kamaru, Yawunde, Yuganda, Kampala, Zambiya, Lusaka, Bangi zuwa Lusaka, tafiyar hantsi. A inuwar gamji ake karatu yanzu, ciki cike, ba taka rairayi, ba haki. Wane yaro ne zai ƙi wannan?

Malama ba ta zauna ba. Ta bi su sheƙa sheƙa tana jan fiffike, wasu su saurara don ladabi, wasu su yi dariya in ta juya baya. Ana jibi za su tashi ta tare jikarta Tasalla a bakin ruwa.

"'Yar nan, daga Bangi ina za ki karya?"

"Gabas kika ce, Kaka." Tasalla ta sunkuyar da kai. "Amma na faɗi haka a gwajin farko, Malam Aku ya kayar da ni, aka yi mini ihu. Jiya na ce tafiyar hantsi, na zo ta ɗaya."

"Ba jarrabawa nake tambayarki ba, hanya nake tambayarki!"

"To Kaka, in su arba'in suka miƙe, ni kaɗai zan karya? Ke kika ce shamuwa ba ta tafiya ita ɗaya. Kuma ƙirgin nan da hatimin majalisa a jiki. Duk manyan nan ƙarya za su yi mana?"

Baƙin ciki ya kama Malama, don ita ce ta koya wa yarinyar ganin girman manya. Ta dai ce, "Ki ci fara a Bangi har ki ji kamar za ki fashe." Iyakar abin da ta iya yi ke nan.

Suka tashi ranar wata Talata da safe, suna waƙar birane, muryarsu gwanin daɗi.

Rani ya zo ya wuce. Da hadarin farko ya haɗu a gabas, manyan shamuwa suka fara sauka kan kukoki, bibbiyu, uku-uku, ba hayaniyar da aka saba ji. Malama na ƙasa tana ƙirga. 'Yarta, uwar Tasalla, ta sauko gabanta, suka dubi juna, kowacce na jiran ɗayar ta ba ta labari.

"Inna, ba su taso ba ne?"

"Sun taso," in ji Malama.

Malama ta mai da kai sama, ta ci gaba da ƙirga masu sauka.

A makon nan ne majalisa ta shirya bikin raba takardun shaida, don tun da aka kafa makaranta ba a taɓa samun ajin da kowa ya ci jarrabawa ba sai wannan. Aka rataya wa Aku lambar yabo. Dila ya hau kututture ya fara kiran sunaye, Tasalla ce ta fari. Ya kira sau uku kamar yadda doka ta ce, ya wuce na gaba. Iyaye na jere kan rassa, ba mai motsi. Haka ya bi sunaye arba'in da ɗaya har ya kai ƙarshe, takardu na nan a hannunsa cif.

Toron Giwa ya girgiza kai cikin takaici, ya umarci magatakarda ya rubuta cewa 'ya'yan zamani ba su san darajar ilmi ba.