Ranar da Na Wanke Jirgin Kawu Lawali

Ba zan taɓa mantawa ba, na ma gwada mantawar ta ƙi, da Asabar ɗin da Kawu Lawali ya taso daga Paris ya zo Lyon karɓar jirginsa. Jirgin ƙasa nake nufi, amma ɗan ƙarami, tsawonsa bai fi tafin hannu da kaɗan ba. A ƙasar nan akwai dattawa masu furfura da jikoki da ke shimfiɗa layin dogo a ɗakunansu, su zauna suna kallon ƴan jiragen nan na zagayawa. (Da farko na ɗauka wasa ne. Ba wasa ba ne, na ga wanda ya yi hawaye a kan ƙafar jirgi ɗaya da ta karye.)

Kawu Lawali yana cikinsu. Injiniya ne, ɗan Maradi, aminin mahaifina. Shi ya ga ɗaukar kwalaye a sito na Vénissieux, nan gefen Lyon, ya fara cin bayana, ya kai ni wurin wani tsohon Bafaranshe, Mushe Gérard, mai shagon saye da gyaran tsofaffin ƴan jirage. A gabana ya ce masa, "Karatunsa na firamare ne, amma ba ka taɓa ganin mai tsantseni irinsa ba." Mushe ya ɗauke ni gwaji. In na yi kyau in zauna, in ban yi ba in koma ga kwalaye, sunan Kawu kuma ya zube tare da ni.

Maganar tsantseni gaskiya ce, har ta yi yawa. Ni ne mutumin da ke sauka daga taram, jirgin cikin gari, ya koma gida don ya sake duba ko ya kashe gas. Aikin kuwa ya dace da ni. Mushe ya koya mini yadda ake duba tsohon kan jirgi mai tururi kafin a saya: ka juya shi ka ga ko ƙarfen cikinsa ya fara tsagewa, ka duba sandunan da ke haɗa ƙafafun ko sun lanƙwashe, ka ɗora shi a layi ka kasa kunne, gaba da baya. Tsohon giris ya kan daskare kamar ɗanko, sai a kankare shi. Mai kuma da bakin allura ake ɗiga shi, wanda ya zuba da yawa ya kashe inji.

Ana nan Kawu ya aiko da nasa, wanda ya saya hannu na biyu a Paris, wai yana tafiya yana tsayawa. Mushe zai fita kasuwar tsofaffin jirage, ya miƙo mini shi ya ce inji da ƙafafu kawai. Na buɗe, na cire daskararren giris, na goge ƙafafun, na ɗiga mai. Ya tafi sumul. Da na tsaya a nan, da yau ba ni da labari.

Sai na dubi jikinsa. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Baƙin hayaki ya rufe bututun, tsatsa ta gangaro ta gefe, ga wani farin dabbare-dabbare kamar inda ruwa ya bushe, ga ƙura a ƙasansa. Na ce a raina, haka zan mayar wa mutumin da ya tsaya mini da kayansa? Ya ce me, ɗan amininsa ƙazami ne? (A nan ina roƙon a yi mini adalci. Na tashi a garin da ko layin dogo babu. Jiragen da na sani su ne na Faransa masu sheƙi. Ban taɓa ganin jirgin gawayi da idona ba.)

Na ɗauko tsinken auduga da alkol, ruwan goge-gogen nan mai narkar da fenti, na duƙufa. Dattin yana fita cikin sauƙi, ko gurzawa ba na yi, kuma maimakon in yi shakka sai na yi ta gode wa Allah. Na bi kowane lungu, kowane bututu mai sirantar gashi. Da na gama yana walƙiya kamar takalmin Sallah. Na lulluɓe shi da kyalle, ban nuna wa Mushe ba, don ina so ya gani tare da Kawu.

Asabar Kawu ya iso. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina mutanen gida, yaya sanyi, duk hankalina na kan kyallen. Akwai wasu dattawa biyu masu ciniki a shagon. Na jira kowa ya matso, na yaye.

Kawu ya sunkuyo ya duba.

"Madalla," in ji Kawu. "Wannan na wane ne?"

"Naka ne, Kawu."

"A'a, ɗana. Nawa nake tambaya."

"Shi ne. Na ɗan goge shi."

Mushe ya cire tabarau ya mayar. Muryarsa ta fito siririya: "La patine... où est la patine?" Wato ina patine, tsufan da ke jikin jirgin.

Kawu ya ja kujera ya zauna. A hankali, kamar mai yi wa yaro bayanin rasuwa, ya gaya mini cewa abin da na goge ba datti ba ne, aiki ne. Wani tsohon direban jirgi da ya yi ritaya ne ya zauna da ɗan burushi da garin fenti, ya sa kowane baƙi da kowace tsatsa a inda yake tuna su a jikin jirgin da ya tuƙa. Saboda wannan dattin Kawu ya saya. Masu sheƙi suna ko'ina.

Mai hankali zai yi shiru a nan. Ni kuwa tsoro ya buɗe mini baki, na ce, "Amma Kawu, har gawayin da ke bayansa na wanke."

Ɗaya daga cikin dattawan ya nemi a fassara masa. Kawu ya fassara. (Har yau ban yafe wannan fassarar ba.) Mutumin ya yi dariya har sai da ya dafa kanta.

Na kwance rigar aiki na ninke, na fara neman jakata.

"Ina za ka?" in ji Kawu.

"Gida, Kawu. Ka yi haƙuri, na kunyata ka."

"Ka kunyata ni ka kuma gudu ka bar ni da jirgi tsirara? Dawo nan."

Mushe ya matso. Ya ɗora jirgin a layi, jirgin ya tafi a hankali ba tangarɗa. Ya ɗauko madubin ƙara girma ya bi shi kaf: ba bututun da ya karye, ba lambar da ta goge. Ya yi ajiyar zuciya ya ce hannun da ya yi wannan ɓarna bai fasa komai ba, zai iya koyon gyara ta.

"Ka ji," in ji Kawu. "Kai ka wanke, kai za ka ɓata. Ba zan ɗauka ba sai ya yi datti."

Haka na shiga makarantar datti. Mushe ya tara mini tsofaffin hotuna, na koyi inda hayaki ke sauka, da yadda tsatsa ke bin hanyar ruwa, da cewa ƙura daga ƙasa take tasowa. Gwajina na farko na tura wa Kawu hotonsa ta waya. Ya amsa, "Wannan ba datti ba ne, ƙazanta ce. Ko kwata ya faɗa?" Na goge na sake. (Gogewa dai ba wanda ya fi ni.)

Da Kawu ya dawo Lyon ya daɗe yana juya jirgin a hannu. Ya ce, "Ba hannun tsohon nan ba ne, wannan ya tafi. Amma zan iya zama da shi." Ya sa shi a akwati. A ranar Mushe ya ce gwaji ya ƙare, in ci gaba da zuwa. Yanzu duk wanda ya kawo jirgi mai sheƙi yana so a tsufar da shi, ni ake miƙa wa.

Abin da na koya shi ne, a ƙasar nan kafin ka ɗora tsumma a kan abu, ka tambaya ko dattin na da mai shi. Sai dai na fara wuce gona da iri. Kwanan nan na tsaya a kan kofin kofi na Mushe, cikinsa ya yi baƙi ƙirin, na ce, "Mushe, wannan patine ce?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "A'a. Wannan datti ne. Wanke."