Ranar da Dokta Ba-Iyaka Ya Raba Duniya

Allah ya yi wa jami'ar nan baiwa da ya ba ta Dokta Ba-Iyaka. Ya san duniya kamar yunwar cikinsa, domin ya taɓa sauya jirgi a ƙasar waje, ya kwana a kan benci. Shi ke koya wa 'yan ajin farko ilimin zamantakewa. Tausayin talaka kuwa ba a magana. In ya ambaci yunwa, zuciyarsa kan yi zafi har sai ya juyo da fanka ɗaya tilo ta ajin ta fuskance shi.

Ranar da shugaban tsangaya ya zo ganin koyarwarsa, wadda ƙarin girmansa ya rataya a kanta, Dokta ya shigo da kwalin biskit. Ya ajiye kular abincin da uwargida ta haɗo masa a kan tebur, ya gyara wuyan riga.

"Yau za ku ga duniya da idanunku," in ji shi. "Ku na bencin gaba, ku ne ƙasashe masu arziki."

Ya dire musu kwalin. Sauran ajin, mutum fiye da ɗari, ya jefa musu ƙunshi ɗaya. Yawancinsu ko karyawa ba su yi ba.

"Kun ga zalunci? Ni da na zaga duniya nake gaya muku, ba a ba talaka hakkinsa a faranti. Tashi yake yi ya karɓa. Duk inda kuka ga dukiya ta taru a hannun mutum ɗaya, taku ce!"

Ya saci kallon shugaban, ya ga yana gyaɗa kai, sai ya ƙara murya.

Ɗalibai masu biyayya ne, suka tashi. Amma manyan ƙasashe sun riga sun cinye biskit, suna karkaɗe baki. Da talakawan duniya suka waiga neman inda dukiya ta taru, ba su ga komai ba sai kular Dokta. Abin nema ya samu. Kafin ya ce "wannan misali ne kawai", cinyar kaza ta tsallaka benci uku. Fanka ma aka juya ta baya.

Dokta ya ƙwala ihu: "Ina masu gadi? 'Yan fashi! Marasa tarbiyya!"

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. Shugaban tsangaya ya miƙe, ya ce bai taɓa ganin ajin da ya fahimci darasi da sauri haka ba, ya fita yana goge maiƙo a yatsunsa.

Mako na gaba Dokta ya sa aka bar benci biyu babu kowa tsakaninsa da ɗalibai, mai gadi na tsaye a tsakiya da kulki. Daga can nesa ya rubuta darasin ranar a allo: Duniya ta zama gida ɗaya.