Rumbun Inna

Da furfurata na koma tsohon gidan gonarmu na bakin Rima, wanda munka bari munka koma Wurno. Rumbun marigayiya Inna na nan tsaye. Ina yaro, ni take zurawa ciki in miƙo mata gero.

Ƙanena da ya rako ni ya ga ina hawa, ya ce, "Yaya, mi kaka nema ciki?"

Na ce, "Rumbun nan ya san ni."

Na dira. Ƙanshin na nan. Na zauna ina jiran muryarta. Sannan na tuna a kan gero nake tsayawa a da. Yanzu ba ko ƙwaya, bakin rumbun ya yi mini nisa. Da gatari ƙanena ya fasa rumbun Inna ya fiddo ni.

Har yau, in kaka ta yi, matata kan ƙwanƙwasa namu rumbun: "Malam, kana ciki, ko mu zuba?"