Lallen da Kawu Nomau Ya Kawo

'Ya'ya uku marigayi Malam Jatau ya haifa. Akwai Tabawa, wadda ta rasu wajen haihuwar fari. Akwai Dudu, mai bakin da ba ya ajiye magana. Sai autansu Nomau, bawan Allah, wanda in ka ce masa "tsaya nan", to ko baɗi ka dawo a nan za ka tarar da shi.

Yau ake sa lallen Kubura, 'yar da Tabawa ta bari, Dudu ta goya. Dangin ango za su iso da la'asar, ga lallen da aka tanada ruwan sama ya jiƙa shi ya ruɓe. Tun da hantsi Dudu ta aiki Nomau. "Maza samo wani. Kada ka dawo sai da wanda babu irinsa." Azahar ta gota, babu Nomau babu dalilinsa.

Dudu ta zauna kan turmi, hayaƙin turaren wuta yana yawo a tsakar gida. "Ni na jawo wa kaina," in ji ta. "Wa ya aike ni aiken Nomau? Ai mai hali ba ya fasa halinsa." Matan biki suka matso suna dariya. Ta lumshe ido, sai ga tsohon gidansu na ƙauye, wanda suka baro shekaru da yawa, ya tsaya mata a gaba.

Ta fara ba su labari. Wata rana, Nomau yana ɗan shekara sha huɗu, Baba ya ce masa, "In ka ga wanda ya girme ka da kaya, ka karɓe masa." Washegari aka hango Nomau yana nishi da buhun gero a ka, jakin maƙwabta yana biye da shi, bayansa wayam. Baba ya ce, "Kai, mene ne haka?" Ya ce, "Na tambaya, Baba. Jakin ya ba ni wata shida."

Wata rana kuma aka yi baƙo, wani mai sayar da kanwa. Da zai tafi Inna ta ce, "Raka shi. In ya ce ka koma kada ka yarda, kara ce kawai irin ta baƙo." Mutumin nan ya ce "koma" a ƙofar gari, ya ce a bakin rafi, ya haɗa shi da Allah da Annabi. Ina! Sai bayan kwana huɗu ga baƙon ya dawo riƙe da hannun Nomau. Da zai sake tafiya, ta bayan gida ya sulale don kada a raka shi.

Mata suka yi ta ƙyaƙyatawa, har Kubura tana dariya cikin mayafi daga ƙofar ɗaki. Amma muryar Dudu ta yi ƙasa.

Wata rana, da Tabawa ta dawo gida goyon ciki, ta dasa reshen lalle a bayan ɗakin Inna. Ta ce in mace ta haifa, da shi za a yi mata ƙunshi. Ranar da naƙuda ta yi tsanani, ana fita da ita, ta waiwayo...

Dudu ta kasa ƙarasawa. Shekara ashirin da biyu ke nan, amma kewar yayarta ta taso mata sabuwa fil. Kubura ta daina dariya. Ko hoton uwarta ba ta taɓa gani ba, balle wani abu da hannunta ya taɓa.

Ana haka guɗa ta tashi a ƙofar gida. Dangin ango sun iso. Dudu ta miƙe tana neman bakin da za ta ba su haƙuri. Sai ga Nomau a bayansu, ƙafafu buɗu-buɗu, ya rungumo ɗanyen ganye cike da gaban rigarsa.

"Nomau, za ka kashe ni! Kasuwar da ke nan kusa?"

"Na je, Yaya. Duk na kasuwa akwai irinsa, na ga buhu-buhu. Shi ne na wuce tsohon gida."

"Wane tsohon gida? Kangon?"

"Na Yaya Tabawa na tsinko. Ya fi ni tsawo yanzu."

Ashe tulun nan da yake fita da shi kullum da sassafe, ana yi masa dariya, can yake kai shi.

Kubura ta fito, ta ɗebi ganyen ta kai hanci, hawaye na zuba. Dudu ta jawo turmi, ta ce, "Duk shekarun nan, Nomau?"

Ya dube ta da mamaki. "Cewa ta yi in riƙa ba shi ruwa har ta dawo. Ai ba ta dawo ba tukuna."