Murfin Kunun Mai Jego

Ni da ba na ɗaga wa kowa ƙafa in ya bar kwano buɗe, rannan na tara jikokina zan koya musu aikin murfi. Na ce faifai ƙuda kawai yake tarewa, amma murfin roba, in ka murɗa ya kama, ko ɗigo ba ya fita. Don su gani da idonsu, na ɗauko robar kunun da zan kai wa ɗiyata mai jego a Bungudu, na kife ta bisa kaina.

Ashe murfin wata robar na ɗora.

Allah ya sa kunun ya huce. Ba wanda ya yi ƙarfin halin dariya sai da na shige ɗaki. Mai jego kuwa shayi ta sha ranar.

Har yau ko hamma na yi, sai ƙaramarsu ta ce, "Inna, a kawo murfi?"