Faifan da Tururin Buta Ya Kashe a Mamelodi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙora kuma a cije, Bra Matome Sekgobela na unguwar Mamelodi yake sanar da 'yan ƙungiyar sauraron kiɗan jaz ta ranar Lahadi, da 'yan uwa da maƙwabta, har da maƙiya da suka san kansu, rasuwar faifansa na garmaho wanda aka fi sani da Dattijo. Marigayin ya cika ranar Lahadin da ta wuce da misalin ƙarfe uku na rana, a kicin ɗin wani gida da ba nasu ba, bayan shekara talatin da ɗaya a hannun mai shi.

Dattijo mai haɗa kan jama'a ne. Makaɗa goma sha biyu ya ɗauka a jikinsa, shida a kowace fuska, na jaz da na buluz, mutanen da wataƙila ba su taɓa gaisawa ba, amma ba a taɓa jin kansu ba. Yana da ladabi. In an ɗora masa allura ba ya faɗa wa mutane da magana, sai ya yi gyaran murya tukuna, "shhh, ƙas, ƙas," sannan ƙaho ya shigo, "paa-ra-raa," jita ta bi bayansa tana ɗingishi da gangan. Sai waƙa ta huɗu a fuska ta biyu. Wayyo! Wata mata ce mai shaƙaƙƙiyar murya, kamar wadda ta gama kuka ta wanke fuska. "Mmm-hmm" kawai za ta ce, ka ga ƙarti sun ajiye kofi sun sunkuyar da kai.

Kowa ya san ƙa'idar Lahadi. Ka zo da faifanka ka sa, in wani ya faɗi sunan mai kiɗan, ya kashe maka wasa, sai ka koma ka zauna. Shi ya sa tun ranar farko Bra Matome ya liƙe tambarin tsakiyar faifan da takardar buhun sukari. An canki ɗaya ɗaya daga cikin mazan, amma matar nan, shekara talatin da ɗaya ba wanda ya kama sunanta. Da ita Bra Matome yake rufe taro, da ita ake kiransa babba.

Marigayin bai yi jinya ba, kashe shi aka yi, kuma za a faɗi suna. A ranar, zagayen taron ya faɗo gidan Bra Fanyana Mahlangu, abokin Bra Matome tun suna gyaran taragon jirgin ƙasa, gwanin rawa mai takalmi baƙi da fari, wanda ya tsufa yana tambayar sunan matar nan ana ce masa ya sha ruwa. Bra Matome ya je layin gasasshen nama da tuwon masara. Minti nawa ne? Sai wannan bawan Allah Fanyana ya zare Dattijo daga jaka, ya shige kicin, ya kara shi a bakin butar shayi, wai zai ɗaga takardar da tururi yadda ake cire kan sarki daga ambulan.

Ausi Mokgadi, matar Bra Matome, ita ta ritsa shi.

"Fanyana! Me kake dafawa haka?"

"Ausi, don Allah rufa mini asiri, gefe ɗaya kawai zan ɗaga."

Takardar kuwa ta ɗagu. A ƙarƙashinta babu ko harafi ɗaya, don Bra Matome ya kankare tambarin da reza kafin ya liƙe. Shi kuwa Dattijo ya riga ya lanƙwashe kamar bakin malafa.

An yi iya ƙoƙari. An kwantar da shi tsakanin gilashi biyu, an ɗora masa buhun garin masara kwana uku. Da aka sa shi a garmaho, allura ta yi ta hawa da gangara, matar nan mai sa ƙarti hawaye ta koma "mmm-wo-wo-wo" kamar wadda ta bugu. Bra Matome ya ɗage allurar da hannunsa, ya fita bayan gida ya yi kuka, kuma ba ya jin kunyar a sani.

Marigayin ya rasu ya bar allura ɗaya, da garmaho mai murfin katako, da tsumman da ake share masa fuska, da ƙanne fayafai saba'in da huɗu waɗanda ko mai sayar da lemo a bakin titi zai canki sunayensu. Ya bar Bra Matome ba abin rufe taro.

Ana sanar da jama'a cewa mai laifin ya zo gaisuwa ranar Laraba, hula a hannu.

"Bra Matome, haba, shekara nawa muna tare? Ka faɗa mini sunan faifan kawai. Ni zan nemo maka wani, ko a bangon duniya yake."

"Ku ji mini mutum!" in ji Bra Matome. "Ya yi kisa, kuma ya zo rabon gado. Fita mini daga gida, mai buta!"

Ga yadda za a yi jana'iza. Ranar Lahadi mai zuwa, ƙarfe biyu na rana, a tsakar gidan mamacin. A zo da kwat, a goge takalmi, kowa ya ɗauko kujerarsa. Za a binne Dattijo a gindin bishiyar lemo. Kafin nan akwai abin da za a raka shi da shi. Kwalin da marigayin ya zo duniya a cikinsa yana nan a ƙasan akwatin ƙarfe, da sunan faifan, da sunayen duka goma sha biyun, har da hoton matar. Bra Matome ya daɗe bai buɗe ba, sunayen ma sun gudu daga kansa. Ya naɗe kwalin da jarida ninki uku ba tare da ya duba ba, ya ɗaure da igiya, za a sa shi a kaskon wuta a gaban kowa.

Ausi Mokgadi ta yi masa magana. "Matome, da kwalin nan za a iya samo wani. In ka ƙona, kai ma ba za ka ƙara jin muryarta ba har ka mutu."

Ya daɗe yana kallon garmahon.

"Na sani," ya ce. "Fanyana ma haka."

An tanadar wa Bra Fanyana Mahlangu kujera a sahun gaba, taku ɗaya daga kaskon. Ana roƙonsa kada ya makara, domin shi ne zai ƙyasta ashanar.