Makau da Tautaun Giginya

A ƙauyen Rafin Giginya akwai wani mutum mai suna Makau. Gidansu mutum uku ne: shi, da matarsa Tasalla, da mahaifiyarsa Iya Dela, wadda ta daɗe da daina mamakin ɗanta. Makau ba rago ba ne, wajen noma ba a kama ƙafarsa, kuma ba a taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba. Abu ɗaya ne dai, yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari.

Wata rana Tasalla ta zauna tana mita. Cuta ta kashe mata kaji kaf, ta ce ita ta gaji da kiwon masu ƙafa biyu, ya samo musu wani abu mai ƙafafu da yawa kamar yadda ake yi a gidajen mutane. Akuya take nufi. Makau ya riƙe maganar ya tafi fadama. Yana hutawa a gindin giginya sai ya ga wani ƙaton tautau mai gashi buzu-buzu yana saukowa, faɗinsa ya kai tafin hannu. Ya ƙirga ƙafafun, ya sake ƙirgawa, ya kifa masa ƙoƙo ya nufo gida yana washe baki.

"Tasalla, ga abin kiwo. Takwas gare shi, akuya biyu ke nan."

Tana ɗaga murfin ta watsar da tankaɗen da take yi, ba ta tsaya ba sai a bayan Iya Dela. Makau kuwa ya raɗa masa suna Nasama, tunda daga sama ya zo.

Iya Dela ta so ta raba shi da abin cikin lalama. Ta ce masa wannan halittar ba ta zaman ɗaki, ba ta rayuwa sai a jikin bishiyarta. Makau ya ce gaskiya ne, ya ɗauki gatari ya fita. Matan suka yi ajiyar zuciya. La'asar sakaliya sai ga shi jiƙe da gumi, yana jan wani kututturen giginya mai rami. Ya haƙa tsakar gida ya kafa shi, ya saki Nasama. Nasama ya shige ramin, ya lulluɓe bakinsa da farar saƙa. Iya Dela ta dubi kututturen ta dubi ɗanta, ta ce da Tasalla su gode Allah da ba ta ce a bakin rafi yake zama ba.

Wata rana Makau ya shiga damuwa, don Nasama ya ƙi cin abinci. Ya ba shi tuwo, ya ba shi ɗumame, har fura ya dama masa, ko kallo. Ya je wurin Kawu Jibo maharbi, wanda ya san dabbobin dawa. Kawu Jibo ya ja masa kunne kada ya kuskura ya taɓa shi da hannu, don cizonsa da zafi, sannan ya ce irin wannan ba ya cin abu sai mai motsi. Makau ya dawo ya ɗaure lomar tuwo da zare, ya tsuguna a bakin ramin yana lilo da ita tun hantsi har rana ta take. Can wata fara ta zo ta sauka a kan tuwon. Kafin ƙiftawar ido Nasama ya fito ya cafke ta ya koma. Makau ya yi nazari, sannan ya sanar da mutanen gida cewa ya gano matsalar, ashe miya ce babu. Daga nan kullum da yamma yana bin gonaki yana kamun fara da gyare, kuma bai fasa haɗawa da lomar tuwo ba. Tasalla ma ta fara sabawa. In tana shara ta ga kyankyaso, sai ta tura shi gindin kututturen da tsintsiya, ta yi kamar ba da gangan ba.

Wata rana da safe Makau ya leƙa ya ga Nasama kwance a bakin rami, ƙafafu a sama, ba motsi. Ya zauna a ƙasa hawaye na zuba. Iya Dela ta zungura abin da kara ta ga fanko ne, ga kuma Nasama can ciki yana sheƙi. Ta ce ya share hawayensa, tsohuwar riga ce kawai ya tuɓe. Makau ya duba ya ga rigar ta tsage ta baya. Ya naɗe ta a ganye ya kai wa Sallau tela, ya shimfiɗa masa a kan keken ɗinki ya ce a ɗinke, a kuma ɗan ƙara faɗi. Sallau ya yi tsalle ya bar keke, ya taka kwanon mai ƙosai, awaki suka watse cikin kasuwa. Da hankalinsa ya dawo ya kai ƙara wurin maigari. Maigari ya yanke cewa da zarar an gama bikin da za a yi a ƙauyen ƙetare, Makau ya mayar da tautaunsa daji. Makau ya dawo gida ko tuwo ya kasa ci.

Ranar bikin, gari ya tashi kaf. A lokacin kuwa ana fama da wani ɓarawon hatsi da ya addabi rumbunan mutane, an rasa ko wane ne. Tasalla za ta fita ta ce, "Maigida, don Allah ka sa ido a kan rumbun nan." Makau ya shafa idanunsa, ya ga ba su ciruwa, ga shi yana son ya je kallon dambe. Ya je yi wa Nasama sallama, ya ƙura masa ido, sai ya lura da wasu idanu ƙanana cunkus a goshinsa. Ya lallaɓa shi cikin ƙoƙo, ya hau ya ajiye shi ƙarƙashin murfin ciyawar da ke bakin rumbun, ya tafi abinsa.

Tasalla na hango shi a filin dambe ta tare shi da zancen rumbun. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ya sa ido, har da yawa. Ba ta tsaya jin ƙarshe ba, ta kama hanya, mutane suka biyo ta. Tun daga zaure suke jin murya daga cikin rumbu tana salati tana neman agaji. Wani baƙo ne mai yawon sayen fatu. Ashe ya ɗaga murfin ne, ya yi ido huɗu da Nasama, ya zame ya faɗa ciki da buhunsa. Nasama ya tsaya a bakin ya ɗaga ƙafafun gaba, mutumin ya kasa fitowa. Tun kafin a tambaye shi ya lissafa rumbunan da ya shiga da inda ya ɓoye hatsin, shi dai a kawar masa da wannan abin.

Maigari ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya janye hukuncinsa nan take, ya dafa kafaɗar Makau ya ce daga yau shi ne idon gari.

Makau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni biyu kawai gare ni, kuma ina aiki da su. Shi za a naɗa."

Haka kuwa aka yi.